Muryar Yaya Bayan Aradu

A gidanmu na unguwar Rikoto a Zuru akwai abu ɗaya da ba a taɓawa sai da izinin Mama, shi ne rediyon Yaya. Babban akwati ne baƙi mai cin kaset, da sifiku biyu, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Yana zaune a kan kabad a falo, an lulluɓe shi da farin kyalle mai saƙa a baki, irin wanda matan zumunta suke yi a coci. Ko ni da na girma har ina koyar da 'ya'yan mutane a wata firamare a Dirin Daji, in na zo gida ban isa in ɗaga kyallen nan ba sai ta ce in ɗaga.

Yaya shi ne wana, mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan Mama. Soja ne, kamar rabin samarin unguwarmu. Shi ya kawo rediyon a hutunsa na ƙarshe, kuma a ka ya ɗauko shi tun daga tasha, don ya ƙi yarda a ɗaure masa shi a bayan babur. Da ya koma bakin aiki sai aka kwashe su zuwa wata ƙasa a bakin teku, inda ake wani yaƙi da ba namu ba. Mama ba ta karatu, shi kuma Yaya tun yana makaranta ba sa ga maciji da biro, saboda haka sai ya ɗauki muryarsa a kaset ya ba wani abokinsa da zai zo gida. Kaset ɗin ya iso lafiya. Shi kuwa ko gawarsa ba mu gani ba, sai wasu mutum biyu masu kaki da suka zo wata safiya suka cire huluna a ƙofar gida.

In za a faɗi gaskiya, babu wani babban zance a cikin kaset ɗin. Gaisuwa ce kawai. Ya gaida Baba, ya tambayi gonar dawa da ciwon gwiwarsa. Ya gaida Mama da yarenmu na C'lela, ya daɗe a kanta, yana ƙorafin cewa mutanen can ba su san tuwo ba, kullum shinkafa kamar ana biki. Ya gaida kawunmu na Manga. Sannan ya zo kaina, ya kira ni da sunan tsokanar da ya laƙaba mini tun ina rarrafe, ya ce yana fata na daina ihu in ana mini kitso don har can suna jiyowa, ya yi dariya. Daga nan wani ya kira shi daga waje, ya amsa, aka ji ƙarar kujera, ya fita ya manta bai kashe ba. Duk sauran kaset ɗin ɗaki ne babu kowa a ciki, sai iska da wani abu kamar ƙyauren taga yana motsi. Mama har wannan ma take saurare, ba ta tashi sai maɓallin ya yi tsalle da kansa.

Baba ya rasu bayan wasu shekaru, kawu ya bi shi. Aka bar Mama da rediyo. Kaset ɗin ba ya fita daga cikinsa sai dai a juya shi baya. Da wayoyi suka cika gari, na taɓa kara tawa a jikin sifika don in ɗauki muryar in ajiye, ta kore ni kamar ta kama akuya a cikin rumbu. Ta ce ba za a sa mata ɗa a aljihu ana yawo da shi kasuwa, yana cakuɗe da waƙe-waƙen banza ba. Na yi mita, na gaji, na ƙyale ta.

Ranar da abin ya faru ba na gida. Matar maƙwabcinmu ce ta kira ni, ita ta ba ni labarin, daga baya Mama ta cike mini sauran. Farkon damina ne, da la'asar. An kawo wuta, abin da ba kullum ake yi ba, sai Mama ta ɗage kyalle ta kunna ɗanta, ta zauna tana ɓare gyaɗar iri. Hadari ya haɗo daga gabas. Wata Bafulatana mai tallar nono da ta saba zuwa gidanmu ta shigo baranda ta fake, ta sauke ƙwaryarta a bakin ƙofa. Ba a ma fara ruwan sosai ba sai falon ya yi fari fat, aka ji ƙara kamar dutse ya tsage, ƙwan fitila ya fashe a kan Mama. Muryar Yaya ta yanke a tsakiyar magana, hayaƙi ya fara fita ta bayan rediyon.

Mama ba ta tsaya tunani ba. Ta fita baranda, ta ɗauki ƙwaryar Bafulatanar da hannu biyu, ta dawo ta juye nonon duka a kan rediyon.

Wanda bai tashi a wajenmu ba zai ce hauka ne. Amma tun kafin coci da masallaci su zo tuddan nan, an san cewa wutar aradu ba irin sauran wuta ba ce, ruwa ba ya kashe ta sai nono. An kuma san cewa abin da ta taɓa ba a taɓa shi da hannu sai mai maganinta ya zo ya yayyafa abin da zai yayyafa. Abu na uku shi ne mafi nauyi: aradu ba ta faɗa wa abu haka kawai, tana bin ɓarawo ne, ko mai rantsuwar ƙarya, ko wanda ya ɗauki alhakin jini. Mama ta tsufa a cikin zumuntar mata, ba ta fashin sujada, in ka tambaye ta da rana tsaka za ta ce maka duk wannan zancen mutanen da ne. Amma da ta ga hayaƙi yana fita daga inda ɗanta yake, hannunta abin da ya ga kakata tana yi shi ya yi.

Ta kulle falon, ta aika garin Manga a kira tsohon da ke wannan aikin. Aka dawo aka ce ya rasu tun bara, 'ya'yansa kuma babu wanda ya gaje shi, duk sun tafi soja. Fasto ya zo ya yi addu'a a bakin ƙofa, ya ce a buɗe babu komai, ta ce to, ba ta buɗe ba. Ni kuma jarrabawar yara ta riƙe ni, sai ƙarshen mako na samu zuwa.

Na tarar da ita a tsakar gida ta yi tagumi, tuwon da maƙwabta suka kawo yana gefe ƙudaje suna bi. Ta rame a 'yan kwanakin nan har wuyanta ya fito. Na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Can ta ce, "Ke da kika yi karatu, gaya mini. Mi yaron ga ya yi can da aradu ta biyo shi har gida?"

Ni duk hanya tunanin kaset nake yi, ashe ita abin da ke cin ta ya fi haka. Tana ganin an tona wa ɗanta asiri ne a gaban unguwa, cewa ya yi wani mugun abu da bindigar da aka ba shi, ga shi ba ya nan balle a tambaye shi. Kuma unguwar ba ta taimaka ba, don na lura matan da suka saba shigowa hira sun koma gaishe ta daga bakin zaure.

Ni ba ni da haƙuri, kowa ya sani. Na karɓi makulli a bakin zaninta, na buɗe falon. Warin da ya tare ni ban taɓa jin irinsa ba, tsamin nono da ƙaurin waya a haɗe. Farin kyallen yana ƙasa. Tururuwa sun yi layi daga taga har cikin rediyon, suna shiga ta ramukan baya suna fita kamar gidan ubansu. Maɓallin kunnawa yana danne yadda ta bar shi, ta cikin 'yar tagar ana hango kaset ɗin. Na danna na buɗewa, ko motsi bai yi ba.

"Kak ki taɓa shi!" in ji Mama daga bakin ƙofa.

"Na riga na taɓa, Mama. In aradu tana nemana ta san inda nake aiki."

Na zare wayoyin sifikun, na naɗe akwatin da zani. Na so in tare babur, ta ce mai shi ma bai ɗora shi a babur ba. Haka na yi gammo na ɗauke shi a ka, ni malama guda, ta bi ni a baya da sandarta, muka ratsa Rikoto mutane suna matsa mana hanya fiye da yadda ake bukata.

Mai gyaran da muka je wa Ibo ne, amma a Zuru aka haife shi, a shagon ubansa da ke bayan kasuwa, kuma nan ya yi furfura. Tabaransa ɗaure yake da wayar tagulla a gefe ɗaya. Ranar shagon ba masaka tsinke, talabijin a kan talabijin, rediyoyi, fankoki, har bakin ƙofa. Ya ba Mama benci, ya karɓi kayan daga kaina, ya kwance sukurori ya ɗaga murfin. Sai ya ja da baya, ya toshe hanci.

"Mama, wa ya ba shi nono?"

Mama ta sunkuyar da kai. Na shirya in wanke shi tas in ya yi dariya, amma bai yi ba. Ya nuna wani talabijin a lungu da haɓarsa, ya ce wancan ma ya sha, daga wani gida a bayan asibiti aka kawo shi. Ya ce shi tun yana yaro duk damina sai an kawo wa ubansa abin da ya sha nono.

Mama ta ɗago ta dubi tarin kayan. Ta tambaye shi ko duk waɗannan aradu ce.

"Duka, Mama. Rana ɗaya. A kan falwayar mahaɗa ta sauka, ta bi waya, duk gidan da ya jona abu ta shiga ta gaishe shi." Ya dafa wani ƙaton talabijin. "Wannan na fastonku ne. Wancan rediyo na liman. In masu laifi take bi, to sai a fara da su."

Ta daɗe tana kallon talabijin ɗin fasto. Na ga kafaɗunta sun ɗan sauka, na ji kamar in rungume mutumin nan da ban taɓa gaisawa da shi da kirki ba. Amma ba duka ta saki ba. A hankali ta ce, "Su ai ba kowa cikinsu. Nawa shina magana."

Ya jawo fitila ya duƙa a kan aikinsa. Ya nuna mini fis ɗin da ya yi baƙi, da taransifomar da ta ƙone har robarta ta narke ta zubo. Ya ce wannan duk aikin aradu ne, kuma ba wani abu ba ne, yana da irinsu a cikin matattun rediyoyi. Sannan ya kai tsinken sukundireba kan farantin da ƙananan kayan suke jere, inda komai ya yi kore da fari kamar burodin da ya kwana a leda, ya taɓa ɗan injin da ke juya kaset, ya ga ya daskare. Ya girgiza kai, yana magana da kansa yadda masu aikin hannu suke yi.

"Aradu ba ta yi ɓarna sosai ba. Nonon ne ya yi babban aiki."

Na taka masa ƙafa, amma magana ta riga ta fita. Mama ta sa hannu ta rufe bakinta. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna tana kallon tafin hannuwanta, waɗanda suka juye ƙwaryar. Mai gyaran ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Mama, yi haƙuri, bakina ne. Za mu ciro shi."

Ciro kaset ɗin kaɗai ya ci mana sauran yinin. Ya yi ta ɗiga sifirit a kan haƙoran injin yana juya su da ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan, har ƙarfen da ke danne da zaren kaset ɗin ya sauka, ƙofar ta buɗe. Zaren ya manne a jikin ƙarfen da busasshen nono, ya cukurkuɗe a wajen, kuma da ya ɗaga shi da hantsaki sai na ga launin ƙasan da ke jikinsa ya zauna a kan ƙarfen, abin da ya taso fari ne kamar ledar ƙanƙara. Nono ya shiga cikin kwanson kaset ɗin ma, amma bai yi nisa ba. Ya kwance kwanson, ya ɗauko wani kaset na waƙoƙin coci da yake gwaji da shi, ya zubar da zarensa a kwandon shara, ya mayar da na Yaya cikin sabon gida.

Daga nan aikin ya zama na haƙuri, abin da ba ni da shi. Zai soka biro a ramin kaset, ya juya kaɗan, ya goge zaren da auduga, ya hura, ya sake juyawa. Na nemi izini a makaranta na zauna. Kullum da safe Mama za ta kwance kaset ɗin daga bakin zaninta ta miƙa masa, ta zauna a benci ta zuba masa ido, da yamma ta karɓa ta ɗaure ta koma da shi gida, don ta ce ba ya kwana a waje. Tsakanin haka yana wanke farantin da buroshin haƙori, yana shanya shi a rana a kan kwanon shagon, yana cire abin da ya ruɓe yana liƙa wani da dalma. Masu talabijin suna zuwa suna faɗa, yana ce musu gobe. Ban taɓa jin daɗin goben mai gyara ba sai a wannan makon.

Wajen da ya manne ɗin ba shi da magani. Ya sa reza ya yanke shi, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, ya haɗa bakin biyu da ɗan salatif. Ya ɗora guntun a tafin hannuna, ya ce wannan ba zai ƙara magana ba, sai dai bai san abin da ke ciki ba. Mama ta sani, don ta san inda muryar ta tsaya ranar. Ta dube ni, ta ce da C'lela, yaren da take komawa in magana ta yi nauyi, "Wurin gaisuwarki ne."

Na ce ba komai. Ƙarya nake yi, ya yi mini ciwo ƙwarai, har na fita bayan shagon na tsaya ina kallon masu sayar da doya kamar ina da abin saye. Na sa guntun a cikin kwalin ashana.

Injin juya kaset ɗin bai tashi ba duk da wankin da ya sha, sai ya ciro wani daga cikin wani mataccen rediyo ya ɗaura. Ranar da ya gama haɗawa, da hantsi ne, kasuwa tana ci. Ya jona sifikun shagonsa, ya kunna, 'yar jar fitilar gaba ta kama. Ya ce bari ya nemo wani kaset ya fara gwadawa, don sabon inji sai an daidaita gudunsa. Mama ta riga ta kwance bakin zani. Ta ce ta jira iya jira.

Ya sa, ya danna. Aka ji shuuu na ɗan lokaci. Sai wata murya ta fito, mai kauri, mai nauyi, tana jan kalmomi a hankali kamar mai hawan tudu da kaya.

Baba ne. Wallahi abin da na fara ji ke nan, Baba da muka binne da hannunmu, yana gaida Baba, yana tambayar gonar dawa da ciwon gwiwa. Sai da ya zo kan ƙorafin shinkafa na gane Yaya ne, amma ba Yayan da na sani ba. Yayana muryarsa siririya ce, mai sauri, kalma tana taka kalma. Wannan dattijo ne, irin waɗanda ke zama a gindin bishiya bayan sujada a kawo musu ƙara su yi sulhu.

Mai gyaran ya yi tsaki, ya ce injin yana jan ƙafa, ƙaramin abu ne. Ya ɗauko wata 'yar sukundireba siririya kamar tsinken sakace, ya nuna mini wani ɗan rami a bayan injin, ya ce akwai sukuru a ciki, juyi kaɗan muryar za ta koma daidai. Ya kai hannu ke nan Mama ta kama wuyan hannunsa. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"Bar shi."

"Mama, ba haka muryarsa yake ba. Yanzu zan gyara."

"Na ce ka bar shi, ɗana."

Ya bari. Muka zauna mu uku a cikin shagon nan, hayaniyar kasuwa tana shigowa, dattijon yana gaida Mama da C'lela a hankali, kowace kalma da nauyinta. Ya gaida kawu na Manga. Aka ji ɗan ƙas inda aka haɗa zaren, sai dariya kawai ta biyo baya, ba a san abin da ake wa dariyar ba, ita ma ta yi kauri ta zama irin ta Baba in ya ƙoshi. Aka kira shi, ya amsa, kujera ta yi ƙara. Sannan ɗakin da babu kowa, wanda yanzu ya ƙara tsawo. Wani ya leƙo da fanka a hannu, mai gyaran ya ɗaga masa hannu ya koma. Ba wanda ya motsa sai da maɓallin ya yi tsalle.

Hawaye suna bin fuskar Mama, amma ba irin kukan da na sani ba ne. Ta goge da bakin gyale. Ta ce, "Tun da ya tahi, kullum na kunna shi yaro nika ji. Ubanshi ya tsuhwa ya mutu, ni na tsuhwa, ke ma ga hurhura ta hwara miki, shi shina nan yaro. Abokanshi da sunka dawo duk sun zama manya, ina ganinsu coci da jikoki." Ta dafa saman rediyon, wajen da har yanzu nono ya bar tabo. "Yau na ji yadda zai gaishe ni da ya dawo."

Ba ta ƙara tambayar abin da ya yi a can ba, ko sau ɗaya. Na taɓa gwada ta da zancen bayan wasu watanni, ta ce in saurara da kyau, wannan muryar mai laifi ce? A ka na mayar da rediyon gida. Kafin mu fita mai gyaran ya cusa mini 'yar sukundirebar nan a jaka ba tare da Mama ta gani ba, ya ce, "Malama, ko wata rana. Dama kaɗan, ba da ƙarfi ba."

Mama ta yi sauran damunanta da wannan dattijon. Ta wanke farin kyallen ta mayar. In hadari ya haɗo sai ta zare waya daga bango, ta ciro kaset ta ɗaure a bakin zani, abin da mai gyaran ya roƙe ta ke nan kuma shi kaɗai ta ji wa magana. Wani lokaci ina kicin sai in ji muryar daga falo in saki ludayi, don jikina bai taɓa sabawa ba, kullum sai ya ɗauka Baba ne ya shigo. Ita kuwa har amsa masa take yi, tana ba shi labarin gona da wanda ya mutu da wanda ya haihu, yadda ake yi da babban ɗa mai riƙe da gida.

Yanzu rediyon yana wurina, a falon nan na Rikoto, don da ta rasu na nemi a dawo da ni kusa da gida. Yau ni ce na girmi Yaya da shekaru masu yawa. Abin da ke ba ni tsoro shi ne na fara manta ainihin muryarsa. In na rufe ido na neme ta, dattijon ne yake amsawa. Sukundirebar tana cikin aljihun kabad tare da kwalin ashana, na san ramin, na san dama ake juyawa. Sau da yawa na kwance murfin na zauna da ita a hannu. Amma in na juya, yaron zai dawo, wanda Mama ta zaɓa kuma ya tafi, ban kuma tabbata hannuna zai iya sake nemo shi daidai inda ta bar shi ba. Sai in mayar da murfin.

Ran Lahadi bayan sujada, in akwai wuta kuma sama tana da haske, nakan ɗage kyallen in kunna. Ya gaida Baba, Baba ba ya nan. Ya gaida Mama ya daɗe, ita ma ba ta nan. Ya gaida kawu na Manga. Duk wanda ya kira a cikin kaset ɗin nan ya riga ya je ya same shi. Sai a zo wajena, ni kaɗai da na rage, a ji ɗan ƙas, ya tsallake ni ya yi dariya.

Duk da haka nakan ce, "Lafiya lau, Yaya. Na daina ihun."